Yadda Ake Hana Garke Zama Iri Ɗaya a Algoridim na Gado Wajen Neman Siffar Dunƙulen Atom

Aikin sauƙin faɗa gare shi. An ba ka atom 38, an ba ka dokar yadda kowane biyu daga cikinsu ke jan juna ko tunkuɗe juna, an ce ka nemo zaman da za su yi wanda makamashinsa ya fi kowanne ƙasa. Dokar da ake fara koyo da ita ita ce ta Lennard-Jones: V(r) = 4ε[(σ/r)^12 − (σ/r)^6], inda r ke nufin tazarar atom biyu, σ ma'aunin tsayi, ε kuma ma'aunin makamashi. Atom biyu sun fi natsuwa idan tazararsu ta kai 1.122σ, inda makamashin ke sauka zuwa −ε, kuma makamashin dunƙule shi ne jimillar na dukan bibbiyun da ke cikinsa. Inda gizo ke saƙa shi ne yawan ramuka. Kowace siffa da atom za su iya zama su natsu a cikinta rami ce, kuma atom 13 kacal suna da ramuka kusan 1,500. Duk atom ɗin da aka ƙara, ramukan ninkuwa suke yi. A cikinsu duka ɗaya ake nema, mafi zurfi.

Algoridim na gado yana riƙe da garken siffofi, yana zaɓen biyu a matsayin iyaye, ya haɗa su su haifi sabuwar siffa, mai kyau ta zauna, mara kyau ta fita. Ɗaliban fizis da kimistiri masu rubuta memuwar ta mastar, wato kundin binciken kammala digiri na biyu, a jami'ar Ngaundere da ke Dang, ko a Marwa, ko a Njamena, suna son wannan batu don kwamfutar cinya ta ishe shi, ba ya neman ɗakin gwaji mai tsada. Mafi yawansu kuma wuri ɗaya suke tuntuɓe. Shirin ya samo amsar atom 13, ya samo ta 19, har ta 55, sai a kan 38 ya tsaya cak a −173.252ε, ko kwana zai yi yana gudu. Amsar gaskiya −173.928ε ce. Tazarar 0.676ε ce kawai, amma siffofin biyu ba dangin juna ba ne: ta farko ginin aikosahedron ce mai fuska 20 wanda bai cika ba, ta biyu oktahedron ce mai yankakkun kusurwoyi, a tsarin fcc irin na kiristal, wato atom a kusurwoyin kubu da tsakiyar fuskokinsa. Hanyar da ke gangarawa zuwa dangin aikosahedron faɗi gare ta, wadda ke kaiwa ga fcc kuwa ƙunci. Da zarar siffa ɗaya ta dangin farko ta yi fice, ita ake ta zaɓa, 'ya'yanta su cika garke. Makiyayan gudali na tudun Adamawa sun san wannan: bijimi ɗaya, komai kyansa, idan shi kaɗai ke barbara shekara da shekaru, sai a wayi gari shanun duk jininsa ne, ba sauran abin da za a haɗa a samu sabo.

Ga yadda nake shirya aikin don kada hakan ta faru.

Mataki na 1: Tabbatar da ma'auninka tukuna

Python da NumPy da SciPy sun wadatar. Rubuta aiki ɗaya da zai karɓi jerin lambobi 3N, uku ga kowane atom cikin N, ya mayar da makamashi tare da gangarensa, wato ƙarfin da ke kan kowane atom amma da alamarsa a juye. Kada ka bar SciPy ya ƙiyasta gangaren da kansa, don a atom 38 lambobi 114 ne, zai riƙa lissafa makamashi sau ɗari da wani abu a kowane taku. Miƙa su ga scipy.optimize.minimize da hanyar L-BFGS-B, ka sa jac=True. Kowace siffa, sabuwa ko haifaffiya, sai an gangara da ita zuwa gindin raminta kafin a auna ta.

Gwada da lambobin da aka sani: atom 7 su ba da −16.505384, atom 13 su ba da −44.326801. Cambridge Cluster Database, rumbun da rukunin David Wales ke kula da shi, yana da jerin amsoshin tare da wurin zaman kowane atom. Ka matse sharaɗin tsayawa, gtol ya zama 1e-6 ko ƙasa, ftol ma ka rage shi sosai. Idan gangarawar ba ta kai gindi ba, siffa ɗaya za ta fito maka da makamashi iri biyu ko uku, kuma duk wani tace kwafi da za ka yi nan gaba zai ruɗe.

Mataki na 2: Garken farko

Watsa atom ɗin barkatai cikin akwati mai gefen da ya kai N^(1/3) sau 1.122σ, wanda ga atom 38 ya kama kusan 3.8σ. Idan biyu suka faɗo kusa da juna ƙasa da 0.7σ, sake jefa ɗaya, don ɓangaren r^12 zai harba makamashi sama har gangarawar ta cillar da atom waje. Siffofi 20 zuwa 30 sun isa ga wannan girman. Bayan gangarawa duba ko akwai atom da ya ware can gefe shi kaɗai. Idan akwai, jefar da siffar ka sake wata.

Kada ka cusa amsar da ka sani, ko guntunta, cikin garken farko. Shirin zai samo ta kam, amma ba abin da ka gwada.

Mataki na 3: Yi wa kowace siffa tambari

Nan ne ya kamata ka fi ɓata lokaci. Ba za ka iya kare bambanci ba sai ka iya auna shi, kuma kwatanta wuraren zaman atom kai tsaye ba ya aiki. Ɗauki siffa ɗaya, juya ta, matsar da ita, sauya lambobin atom ɗinta: jerin lambobin ya canza gaba ɗaya, siffar tana nan yadda take. Tambarin da kake buƙata shi ne wanda juyi da matsi da sauyin lamba ba sa taɓa shi.

Mafi arha shi ne makamashin kansa. Deaven da Ho, waɗanda a 1995 suka samo ƙwallon kabon C60 daga atom ɗin da aka watsa barkatai, da shi suka yi amfani: ba a barin siffofi biyu masu makamashi kusan ɗaya su zauna tare a garke. Ka sa wannan a matsayin matatar farko, da iyaka kamar 1e-4ε. Amma kada ka dogara da shi kaɗai. Siffofi ashirin na iya zama da makamashi ashirin daban-daban alhali cikinsu ɗaya ne, atom guda ne kawai ke yawo a bayan dunƙulen, wato a fuskarsa ta waje. A ido garken ya bambanta, a gaskiya gida ɗaya ne.

Na biyu shi ne jerin tazara. Atom 38 suna da bibbiyu 703. Lissafa tazarar kowanne da scipy.spatial.distance.pdist, jera su daga ƙarama zuwa babba, sai ka kwatanta jerin siffa A da na B gurbi da gurbi. Irin wannan ne Vilhelmsen da Hammer suka saka a kayan algoridim na gado na ASE, kunshin Python na lissafin atom. Yana da kyau wajen kama kwafi. Ba ya raba siffa da hotonta na madubi, wanda ba damuwa ba ce tunda makamashinsu ɗaya.

Na uku shi ne ƙidayar maƙwabta, kuma shi na fi so don ana iya bin sa da biro da takarda. Atom biyu maƙwabta ne idan tazararsu ba ta kai 1.35σ ba. An zaɓi wannan iyaka ne don maƙwabta na kusa suna wajen 1.1σ, na zagaye na biyu a tsarin fcc kuwa suna wajen 1.55σ, sai iyakar ta faɗa tsakani. Ƙirga maƙwabtan kowane atom, sannan ka rubuta H(n), wato atom nawa ne ke da maƙwabta n.

Mu gani a kusa. A aikosahedron na atom 13, na tsakiya yana da maƙwabta 12, sauran 12 kowanne yana da 6, haɗi 42 ke nan. A oktahedron na atom 38, atom 6 na ciki suna da 12 kowanne, atom 8 da ke tsakiyar fuskoki masu kusurwa shida suna da 9, sauran 24 na kusurwoyi suna da 6. Haɗi 144. Yanzu cire atom ɗaya daga kusurwa ka ɗora shi a kan fuska mai kusurwa huɗu da ke can ɗaya gefen. Inda ya tashi, maƙwabtansa shida kowanne ya rasa ɗaya: uku sun sauko daga 6 zuwa 5, biyu daga 9 zuwa 8, ɗaya daga 12 zuwa 11. Inda ya sauka, huɗu sun hau daga 6 zuwa 7, shi kansa yana da 4. Sabuwar ƙidaya: ɗaya mai 4, uku masu 5, sha shida masu 6, huɗu masu 7, biyu masu 8, shida masu 9, ɗaya mai 11, biyar masu 12. Haɗi ya koma 142. Idan ka tara bambancin gurbi da gurbi tsakanin wannan da ta asali, za ka samu 1+3+8+4+2+2+1+1, wato 22.

Lura da abin da wannan lissafi ya nuna. Atom ɗaya tak aka gusar, cikin dunƙulen bai motsa ba, amma tazarar ta kai 22. Ma'ana ƙidayar maƙwabta tana jin motsin bayan dunƙule sosai, har takan kambama shi. Jooyoung Lee da abokan aikinsa a Koriya ta Kudu, a aikinsu na 2003 kan dunƙulen Lennard-Jones har zuwa atom 201, sun ninka kowane gurbi da n don masu maƙwabta da yawa su fi nauyi, suka ƙara ƙidayar zagaye na biyu. Hakan na taimakawa. Duk da haka ra'ayina shi ne ka riƙe tambari biyu: mai laushi, irin wannan, don auna kusancin siffofi biyu, da mai kauri don sanin dangin da siffa ta fito. Na biyun yana zuwa a mataki na 6.

Lissafa tambari sau ɗaya, lokacin da siffa ta fito daga gangarawa, ka ajiye shi tare da ita.

Mataki na 4: Zaɓen iyaye da haɗa su

Zaɓe mai tsanani shi ne ke fara kashe bambanci. Ɗauko siffofi biyu da ka, ka riƙe wadda ta fi ƙarancin makamashi, ita ce uwa. Maimaita don samun uba, ka tabbatar ba siffa ɗaya ba ce. Kada gasar ta wuce ta biyu ko uku. Idan ka sa ta zama ta biyar a garke mai 20, na sama-sama ne kawai za su riƙa haihuwa. Ƙarin dabara mai sauƙi: ƙirga sau nawa aka zaɓi kowace siffa, wadda aka yi ta zaɓa a rage mata dama.

Haɗin shi ne yanka-da-haɗi na Deaven da Ho. Mayar da tsakiyar kowace siffa zuwa sifili, juya kowace ta wata fuska da ka, jera atom bisa tsayinsu a layin z. Ɗauki k na sama daga uwa, N−k na ƙasa daga uba, ka manna, ka gangara. Juyin ya zama na gaskiya, scipy.spatial.transform.Rotation.random yana yin sa daidai. Bari k ya riƙa canzawa, kada kullum ya zama rabi.

Kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na 'ya'ya su fito ta jirkita maimakon haɗi. Jirkita iri-iri ce, kuma ba aikinsu ɗaya ba. Ɗauke atom mafi ƙarancin maƙwabta a mayar da shi wani gurbi a bayan dunƙule gyaran fuska ne, yana kammala siffar da ta kusa amma ba ya kawo sabon dangi. Murɗa rabin sama a kan rabin ƙasa, ko girgiza dukan atom da kusan 0.4σ, su ne ke taɓa ciki. Haɗa su duka.

Mataki na 5: Dokar shiga garke

Abin da akasari ake rubutawa shi ne: idan ɗa ya fi mafi muni a garke, ya kore shi. Wannan layi ɗaya shi ne ke cinye garken. Mafi muni sau da yawa shi ne baƙon dangi, siffar fcc da ba ta gama gyaruwa ba, wadda makamashinta ke −169 ko −170 lokacin da dangin aikosahedron suka riga suka kai −172. Ana kore ta tun ba ta nuna abin da za ta iya ba.

Gyaran shi ne ɗa ya yi takara da wanda ya fi kama da shi. Tunanin tsoho ne, tun aikin De Jong na 1975. Ga yadda za ka tsara shi:

Auna tazarar tambarin ɗa da ta kowace siffa a garke, ka nemo mafi kusa da shi. Idan tazarar ba ta kai wata iyaka D ba, to su biyun gurbi ɗaya suke nema: wanda ya fi ƙarancin makamashi ya zauna, ɗayan ya fita, ba ruwan sauran garke. Idan kuwa tazarar ta wuce D, ɗan baƙo ne, sai a gwada shi da mafi muni a garke, in ya fi shi ya karɓi gurbinsa.

Da wannan doka, siffa mai kyau ba ta iya cika garke da 'ya'yanta, don kowane ɗa mai kama da ita da ita zai kara. Dangi guda na iya inganta kansa iya son ransa, amma a cikin gurbinsa.

Sauran magana ita ce D. Idan ta yi ƙanƙanta, kowane ɗa baƙo ne, an gudu ba a tsira ba. Idan ta yi girma, garken ya watsu, ba dangin da ke samun isassun gurabe da zai tona raminsa har ƙasa. Kada ka ɗauko lamba daga takardar wani, don ta dogara da tambarinka da girman dunƙulenka. Auna matsakaicin tazara tsakanin dukan siffofin garken farko, kira shi Dm. Hanyar Lee da abokansa tana farawa da rabin Dm, tana rage shi sannu a hankali har zuwa kashi ɗaya cikin biyar na Dm. Da farko ana yawo ko'ina, daga baya ana tono. Ka ninka D da lamba kamar 0.99 bayan kowane zagaye, ka daidaita ta yadda za ta kai ƙasa wajen tsakiyar kasafin gangarawar da ka ware. Grosso da Locatelli da Schoen a Italiya sun bi irin wannan doka ta shiga a 2007, da garken masu tsallen rami, inda ake girgiza siffa ɗaya a sake gangarawa da ita, maimakon haɗin iyaye, abin da ke nuna cewa dokar shigar ce ke ɗauke da nauyin, ba salon haihuwar ba.

Akwai wata hanya, ta Goldberg da Richardson ta 1987, inda ake rage darajar siffa gwargwadon yawan masu kama da ita. Tana aiki, amma tana ƙara maka lambobin da za ka daidaita. Ga mai farawa ban ga dalilin barin ta sama ba.

Mataki na 6: Ware wa kowane dangi gurabensa

Dokar da ta gabata tana hana kwafi da na kusa da kwafi, amma kamar yadda lissafin 22 ɗin nan ya nuna, siffofi masu ciki ɗaya na iya wuce D saboda bambancin baya kawai. Ga masu taurin kai irin 38, da 75 zuwa 77 inda amsar dekahedron ce ta Marks, siffa mai kusurwa biyar da ke kewaye da layi ɗaya, da 98 inda Leary ya samo siffa mai tsarin tetrahedron a 1999, ana buƙatar tambari mai kauri. Bernd Hartke ne ya shigo da ware gurabe a wannan fanni a 1999, inda ya raba dangi ta hanyar duba inuwar dunƙule a kan shimfiɗa.

Mafi sauƙin rubutawa a yau shi ne Q4 na Steinhardt da Nelson da Ronchetti na 1983. Ɗauki alkiblar kowane haɗi tsakanin maƙwabta, lissafa matsakaicin Y4m, ayyukan lissafi na alkibla da ake kira spherical harmonics, a kan dukan haɗin ga kowane m daga −4 zuwa 4, tara murabba'in girmansu, ninka da 4π/9, ka ɗauki tushen murabba'i. Ayyukan Ylm suna cikin scipy.special. Cikakken fcc yana ba da 0.191, cikakken aikosahedron yana ba da sifili. Gusar da atom ɗaya a baya kuwa kaɗan yake taɓa shi, abin da ake so ke nan.

Raba layin Q4 daga 0 zuwa 0.2 gida huɗu daidai wa daida, ka ce ba gidan da zai riƙe fiye da rabin garke, kuma ba a korar siffa ta ƙarshe da ta rage a gida sai dai wadda ta fi ta daga gidan. Raba daidai ɗin da gangan ne. Idan ka yanka iyakokin don su dace da amsar da ka riga ka sani, ranar da aka ba ka dunƙulen da ba a san amsarsa ba shirin ba zai amfane ka ba.

Q4 ba ya raba dekahedron da aikosahedron da kyau. Ga atom 75 ka koma ga nazarin maƙwabtan tarayya na Honeycutt da Andersen na 1987, ka ƙirga haɗin da ke da alamar 555, wato wanda zoben atom biyar ya kewaye. Aikosahedron yana da su ta fuskoki da yawa, dekahedron a kan layi ɗaya kawai, fcc ba shi da ko ɗaya.

Wajen zaɓen iyaye, mafi yawan lokaci ka haɗa 'yan gida ɗaya. Rabin fcc da rabin aikosahedron ba kasafai suke haifar abin kirki ba, bakin haɗin ba ya zama. Ka bar kamar ɗaya cikin huɗu ya zama tsakanin gidaje.

Mataki na 7: Sa ido

Bayan kowane zagaye rubuta abu huɗu a fayil: makamashi mafi ƙasa, matsakaicin tazara a garke, yawan siffofi a kowane gida, da kason 'ya'yan da aka ƙi don kwafi ne. Zana su da Matplotlib. Idan tazarar ta zube tun da wuri kuma makamashi ya daina sauka, garken ya mutu ko da shirin na gudu. Idan 'ya'ya takwas cikin goma kwafi ne, wutar lantarki kawai kake ƙonawa. A nan sai ka riƙe mafi kyau ɗaya daga kowane gida, ka cika sauran da sababbi, ka mayar da D sama. Sababbin nan ka ba su kariyar 'yan zagaye, in ba haka ba tsofaffin za su share su nan take.

Wani abin lura ga mu da muka yi karatu da Faransanci: Python ɗigo yake rubutawa a tsakiyar lamba, Excel na Faransanci kuwa waƙafi yake jira. Buɗe fayil ɗin a can sai ka ga −173.928 ya zama rubutu, zanen ya ƙi fita. Karanta shi da Python ɗin, ka huta.

Mataki na 8: Ajiya, da raba aiki tsakanin kwamfutoci

Wanda ke aiki a Garwa ko Marwa a watan Maris da Afrilu ya san abu biyu: zafi na wuce digiri 40, kuma wuta na iya ɗaukewa ba sallama. Kwamfutar da ta yi zafi tana rage gudu da kanta, don haka ɗaga gindinta iska ta shiga, dogon aiki kuma a bar shi sai dare. Ajiye garke bayan kowane zagaye: wuraren atom, makamashi, tambari, D, ƙidayar gangarawa, da halin injin jefa ƙuri'a, wato rng.bit_generator.state. Rubuta a sabon fayil tukuna, sannan ka sauya masa suna da os.replace. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, tsohon yana nan lafiya. Mai amfani da Google Colab ma haka, don zaman yana yankewa. Ya riƙa ajiyewa a Drive.

Rashin babbar na'ura yana da wata fa'ida a nan. Idan ku huɗu ne a rukunin Malam ɗaya, kowa ya gudanar da garkensa da ƙwayar ƙuri'a daban, wato lambar da ake tayar da injin jefa ƙuri'a da ita, ba tare da haɗuwa ba. Wannan shi ake kira tsarin tsibirai. Da yamma kowa ya tura siffa ɗaya ko biyu ga na kusa da shi. Fayil ɗin xyz na atom 38 layi 40 ne, WhatsApp ma zai ɗauka ba tare da cin kiredi ba. Baƙuwar siffa ta bi dokar shiga ta mataki na 5 kamar kowa. Kada musayar ta yawaita, kuma kada kowa ya riƙa tura wa kowa, don tsibiran za su koma garke ɗaya. A kwamfuta guda mai ƙwaƙwalwa huɗu ma ana yin haka da multiprocessing.

Mataki na 9: Gwajin da zai tsaya gaban juri

Samun −173.928 sau ɗaya ba hujja ba ce, sa'a na iya kawo shi. Gudanar da shirin sau 30 ko 50 da ƙwayar ƙuri'a daban-daban da kasafi ɗaya, ka rubuta sau nawa ya kai, da yawan gangarawar da ya ci kafin ya kai. Ƙirga gangarawa, ba mintoci ba, don mintoci sun dogara da kwamfuta da zafin ɗaki. Sannan ka kashe dabarun ɗaya bayan ɗaya: matatar makamashi kaɗai, sai da dokar mafi kusa, sai da gidaje. Teburin nan shi ne zuciyar memuwar, kuma shi malamai za su tambaya.

Saka atom 55 a gwajin, mai amsa −279.248470, ko da yake mai sauƙi ne. A can za ka ga kuɗin da ake biya: kare bambanci yakan jinkirta samun amsa inda hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya, don ana ciyar da dangin da ba za su ci ba. Ka rubuta hakan yadda ya fito. Kwatanta kuma da tsallen rami na Wales da Doye na 1997, wanda SciPy ke da shi da sunan basinhopping. Idan 38 ya zauna, gwada 75, mai amsa −397.492331, amma ka shirya haƙuri, ya fi 38 wuya nesa ba kusa ba. Dokar Morse mai gajeren zango, inda ρ, lambar da ke ƙayyade zangon, ya kai 14, ita ma gwaji ce mai tsanani, don ramukanta sun fi yawa kuma sun fi ƙunci.

Idan ka koma ga ƙarfe na gaske

Dunƙulen zinariya ko azurfa ko falatinam ana fara su da doka irin ta Gupta, wadda rukunin Roy Johnston a Birmingham ya yi aiki da ita sosai. Idan ƙarfe biyu ne a haɗe, sabuwar matsala ta shigo: siffa ɗaya, amma wane atom ke zaune a wane gurbi. Atom 38 da aka raba 19 da 19 suna da hanyar zama sama da biliyan 35 a kan ƙashin gini guda, kafin a cire waɗanda juyi ke maimaitawa. Dole tambarin ya san nau'i: ƙidaya daban ga haɗin A da A, A da B, B da B. Ƙara jirkitar musanya gurbi tsakanin A da B, kuma wajen yanka-da-haɗi ka tabbatar adadin kowane nau'i bai canza ba. Gidajen dangi kuwa su tsaya a kan ƙashin gini kawai, in ba haka ba garken zai cika da gini ɗaya mai launi iri-iri.

A nan abin da za ka fitar ba siffa ɗaya ba ce. Dokokin nan kusantawa ne, kuma jerin da suka bayar yakan juye idan aka sake lissafi da DFT, hanyar da ke lissafa halin elektron ɗin kansu. Zinariya mai atom 20 misali ce: aikin rukunin Lai-Sheng Wang na 2003 ya nuna dala ce mai fuska huɗu, alhali dokar Gupta ba ita take sa wa a gaba ba. Don haka ka buɗe rumbu na dabam, wanda ba a korar kowa daga cikinsa, ka zuba duk siffar da ta taɓa wuce matatar kwafi. A ƙarshe ka ɗebo uku zuwa biyar mafi ƙasa daga kowane gida, ba ashirin na saman jeri ba, su ne za ka kai wa DFT, ko a Quantum ESPRESSO ko a GPAW, a kan duk na'urar da Malam ya samo muku lokaci a kanta.